Azumin Mama Rhoda Domin Bako

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau da yawa na ɗauki biro na ajiye, domin da na kai ga ranar Larabar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma a aji biyar na firamare ya tsaya. Amma labarin ya riga ya zaga Samaru, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Wasu sun ce saurayina ne na ɓoye, wata ma ta ce iska ce ta taɓa ni. Gara in faɗa da kaina yadda abin ya faru.

Sunana Bibiana. Ina zaune wurin ƙanwar mahaifiyata, Anti Sarah, a wani gida da rabinsa ɗaliban jami'a ne 'yan haya. Kullum da safe ina hawa bas zuwa Sabon Gari, inda nake koyon ɗinki a shagon Madam Akunna.

Wata ɗaliba mai suna Christabel ta gama jarrabawarta ta ƙarshe ta kwashe kayanta, aka ce in share ɗakin kafin wata ta shigo. A bayan katifa na tsinci littafin. Siriri ne, na Hausa, ba shi da bango, ba sunansa, ba sunan wanda ya rubuta. Na ɗauke shi ne don hura gawayi. Har na kama shafin farko zan yaga, sai idona ya faɗa kan wata magana: wata yarinya tana tsaye cikin ruwan sama, igiyar takalminta ta tsinke, tana addu'a kada wani yaro ya waiwayo ya gan ta. Ban yaga ba. Na so in ji ko ya waiwayo.

Ya waiwayo kuwa. Sunansa Bako, ita kuma Lantana, ajinsu ɗaya a ƙarshen sakandare. Ya tsuguna cikin taɓo ya ɗaure mata takalmin da waya, bai ce mata uffan ba. Daga nan kullum sai ta tarar da gwaba a kan teburinta. Da ta tambaye shi sai ya ce bishiyar gidansu ce ta dame su da 'ya'ya, taimakonsu take yi in ta ci. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin Christabel, tsintsiya na jingine da ƙafata.

Ni karatu ba na sauri. Da yatsa nake bi, in kalma ta yi tsawo sai na furta ta a hankali kafin ta shiga. Amma wannan littafin bai gajiyar da ni ba. Na naɗe shi cikin ƙyallen atamfa, ina buɗewa a bas in babu wanda na sani, ina buɗewa a bayan labulen da masu kaya ke gwada ɗinki in Madam ta fita. Wata rana na ɗinke bakin hannun riga gaba ɗaya. Madam Akunna ta ɗaga rigar sama ta ce, "Bibiana, wannan hannun riga ne ko aljihu? Mai rigar nan dungu gare ta?" Sauran masu koyo suka yi ta dariya. Ban ji zafi sosai ba, domin hankalina na wurin Lantana.

A gida kuwa cikin rigar matashi nake ɓoye shi. Anti Sarah ta sha faɗa cewa irin waɗannan littattafai su ne ke lalata 'yan mata, kuma duk yarinyar da aka kama da su ta riga ta fara leƙen waje. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da namiji, da wane baki zan ce ina karanta yadda zuciyar wata ke bugawa in ta ji ƙararrawar keken wani?

Can kusa da ƙarshe suka ɓata. Lantana ta ga Bako ya goyo wata a keke, ba ta san 'yar kawunsa ba ce, ta daina yi masa magana, gwabar ma ta riƙa barin ta a kan tebur har ta ruɓe. Shi kuma ya tafi birni dubo musu sakamakon jarrabawa, don ya zama shi ne zai fara yi mata albishir. A hanyar dawowa motarsu ta kife. Lantana ta ruga asibiti ba takalmi. Ta zauna a bakin ƙofa ba a bar ta ta shiga ba. Sai likita ya fito, ya cire tabarau, ya goge shi da gefen rigarsa, ya dube ta ya ce, "Ke ce Lantana?"

Na juya shafi. Babu komai sai layi ɗaya da ke cewa a nemi littafi na biyu.

A bas na gama shi, da yammacin Laraba, muna hanyar komawa Samaru. Na yi kuka har matar da ke kusa da ni ta ce in yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne.

Ranar Laraba kuwa ita ce ranar addu'ar mata ta unguwarmu, gida-gida ake yi, kuma ranar a gidanmu ta faɗo. Ni ba na cikin zumuntar matan coci tunda ba ni da aure, amma ni ke shimfiɗa tabarmi, ni ke kawo ruwa, ni ke ɗauko wa Anti tulun da ake bugawa in ana waƙa. Shugabar ita ce Mama Rhoda, tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin titi kusa da inda muke jiran bas. Kowa ɗiyarta ce. Al'adarta ce kafin a durƙusa ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya ta tambayi nauyin da ke zuciyarsa, ba ta tsallake ko yarinya. Kullum amsata ɗaya ce: "Babu, Mama."

Ranar ma haka na ce. Ta ƙura mini ido.

"Ɗiyata, wannan idon naki ba idon babu ba ne. Wa ya taɓa ki?"

Duk suka juyo. Da na san yadda ake ƙarya mai kyau da na ce kaina ke ciwo. Amma abin da ke zuciyata shi ya fito.

"Wani ne ya yi hatsarin mota. Yana asibiti, bai farfaɗo ba."

Na ɗauka za a haɗa shi cikin marasa lafiya a wuce.

"Wayyo. Sunansa?"

"Bako."

"Wane ne shi a wurinki?"

"Saurayin wata ne da na sani."

Maman Othniel, wadda ba a raba ta da tsokana, ta gyara zama ta ce, "Wata da kika sani, ko wata da kike gani a madubi? Sarah, ashe shiru-shirun nan da miya a ciki!" Aka kwashe da dariya. Anti ta harare ni.

Mama Rhoda ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin na tuna abin da duk Samaru ta sani: ɗanta ɗaya namiji, Japheth, a hanyar Kaduna mota ta kashe shi, kuma kafin labari ya iso ta ya riga ya cika. Ta ture tabarmar gefe, ta sa gwiwoyinta a kan siminti. Ta ce, "Uwar yaron nan tana can ita kaɗai. Mu tsaya mata."

Ban taɓa jin addu'a irin wannan ba. Ta kira sunan Bako kamar ita ta goye shi. Ta ce Ubangiji ya taɓa ƙashin da ya karye, ya mai da numfashi wurinsa, kada ya bar wata uwa ta sake cin abincin da ita ta ci. Matan suna amsawa, wasu na kuka. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, ni ma na ce amin da dukan zuciyata. Har na ji sanyi a raina, kamar an yi wa Bako wani abu na gaske.

Da aka tashi ta ce, "Ni daga gobe ba zan sa komai a baki ba daga safe har faɗuwar rana, sai na ji yaron nan ya buɗe ido."

Anti Sarah ta ce, "Haba Mama, ciwon sugarki fa?"

"Wanda ya ba ni sugan ya san ina da shi."

A nan ya kamata in yi magana. Ina tsaye da tiren kofuna a hannu, na buɗe baki, na ga idon Anti, na ga Maman Othniel na murmushi, na rufe.

Daga ranar hanyar bas ta zame mini ƙaya. Kullum Mama na zaune gaban kaskonta, tana juya ƙosan da ba za ta ci ba, ɗalibai sun kewaye ta da kwanoni. Da ta hango ni sai ta ɗaga matsamin ta ce, "Yaya yaronmu?"

"Yana nan yadda yake, Mama."

"Zai tashi. Wane irin yaro ne? Ba ni labarinsa, in san wanda nake roƙo dominsa."

Sai na ba ta labarin takalmin da gwabar. Ta yi murmushi ta ce, "Mai kunya ne. Irin waɗannan su ne mazan aure." Ta tambayi asibitin, na ce nesa ne, can wata jiha. Ta tambayi ko suna da wayar hannu, na ce ba su da ita. Kowace tambaya sai ta haifi ƙarya, kowace ƙarya kuma ina ganin leɓen tsohuwar nan yana ƙara bushewa.

Za a ce me ya hana ni cewa ya warke tun washegari, kowa ya huta. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar. Gaskiyar ita ce, a ganina ba ni da ikon tashinsa. Ban san abin da likitan ya ce ba. Na ɗauka in na samo littafi na biyu, ko me na faɗa wa Mama aƙalla wani wuri aka rubuta shi, ba ni na ƙirƙira ba. Haka wautata ta kai.

Na ce wa Madam zan sayo zare, na shiga cikin kasuwa. Bayan layin masu kwanuka akwai rumfar wani mai hayar littattafai, ya rataye su a igiya da abin shanya kamar wanki. Na wuce rumfar na dawo, na sake wucewa, sai da 'yan matan da ke wurin suka tafi sannan na matsa.

"'Yan mata, me ake nema?"

"Na biyu," na ce, kaina a ƙasa.

"Na biyun wanne? Nan duk na biyu ne da na uku, har na huɗu akwai."

Na warware ƙyallen na miƙa masa. Ya juya shi ya ce, "Kai, wa ya yi wa wannan tsirara haka?" Ya buɗe ƙarshe, sai ya fashe da dariya ya kira maƙwabcinsa mai sayar da batir. "Zo ka ga wata! Likita mai tabarau ya sake kama mutum." Ya dube ni. "Ƙanwata, ki bi layi. Likitan nan ya hana 'yan matan Zariya barci tun bara. Na biyun bai fito ba."

"Yaushe zai fito?"

"Wasu sun ce takarda ce ta yi tsada, wasu sun ce marubuciyar ce ta haihu. Duk zuwana Kano sai na tambaya."

Na tattara ƙarfin hali na ce, "To ya mutu ne, ko ya tashi?"

"Wallahi ita ma da ta rubuta ban tabbata ta sani ba."

Na koma shago ba zare.

A ranar, da na dawo gida, na tarar da Anti Sarah a tsakar gida ko ɗankwali babu, na san wani abu ya faru. Ta ce Mama Rhoda ta yanke jiki ta faɗi a wurin suya, saura ƙiris hannunta ya shiga mai. Ɗalibai ne suka tare ta, suka ɗura mata lemon kwalba. Da ta dawo hayyacinta, maimakon godiya, kuka ta yi wai sun karya mata azumi, gobe za ta ɗora daga inda ta tsaya.

Anti ta riƙe kafaɗata. "Bibiana, ni ban tambaye ki ko wane ne yaron nan ba, kuma ba yau zan tambaya ba. Amma don girman Allah ki nemo labari. Kada matar nan ta mutu a hannunmu."

Ban ko ajiye jakata ba na nufi gidan Mama. Tana kwance a tabarma a inuwar zaure, ta rame, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na ce, "Mama, an aiko. Ya farfaɗo. Har ya sha kunu."

Ta tashi zaune kamar ba ita ba. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta rungume ni, ina jin ƙasusuwan ƙirjinta. Ta ce a ba ta tuwon jiya, ta ci a gabana tana hawaye tana dariya. Na koma gida ina ce wa kaina shi ke nan, ƙarya ta kashe ƙarya, ba wanda ya mutu.

Ran Juma'a da yamma Anti ta fito da zanen zumunta ta ce in goge mata, in goge farar rigata ma.

"Biki ake yi?"

"Ba ki ji ba? Mama ta je wurin Dattijo Shekari, sakataren coci, ta sa ya rubuta mu cikin masu godiya ran Lahadi. Duk za mu fita da rawa. Ta sayi zakara. Ke za a ba makirufo ki ba da shaida, tunda ke kika san yadda aka yi."

Na tsaya da dutsen guga a hannu har ya fara ƙona zanen.

Na yi tunanin in kwanta ciwo. Na yi tunanin in gudu ƙauye wurin mahaifiyata. Amma ko na gudu, Mama za ta tsaya gaban bagade da zakara a hannu, ta gaya wa jama'a da Ubangiji cewa an ta da yaron da ba a taɓa haifa ba, kuma duk ranar da gaskiya ta fito ita za a yi wa dariya, ba ni ba. Matar da ta faɗi a gaban wuta.

Ran Asabar da hantsi na ɗauki littafin na tafi. Zakaran na ɗaure da ƙafa a jikin turmi, ja ne, ƙato. Mama na zaune da faifai tana tsintar waken ƙosan Litinin. Ta ce, "Ga mai shaida! Kin shirya abin da za ki faɗa? Kada ki je kina noƙe-noƙe, ki ɗaga murya."

Na durƙusa. Na warware ƙyallen na ajiye littafin a gabanta.

"Mama, ga Bako."

Ta dubi littafin, ta dube ni. "Hotonsa ne a ciki?"

"A'a. Shi ne a ciki. Labari ne, Mama. Babu shi a duniya. Babu Lantana, babu asibiti. Littafin soyayya ne na tsinta, ya ƙare yana kwance, na yi kuka, kika tambaye ni, na ji kunyar in ce littafi ne."

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi so. Ta daɗe tana kallon zakaran yana tonon ƙasa.

"Farfaɗowar fa?"

"Ita ma ni na ƙirƙira. Na ji tsoro kada ki mutu."

Ta goge hannunta a zane, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wanda aka kwaso mini daga hanyar Kaduna, ba a takarda yake ba, Bibiana."

Ba ta ce ɗiyata ba. Na kifa kaina a ƙasa ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta tura littafin gabana da ƙafa.

"Ɗauki. Ni ban yi boko ba. Tunda na ji yunwa dominsa, ina da haƙƙin in san shi. Karanta mini. Daga farko."

"Mama, akwai maganganu a ciki..."

"Na haifi biyar. Karanta."

Ban san wani horo da ya kai wannan ba. Na zauna a gaban shugabar matan coci, da rana tsaka, ina bi da yatsa, ina furta yadda idon Bako ke sa gwiwar Lantana sanyi. Ita kuwa ta ci gaba da wakenta kamar ba ta ji. Da na zo wurin da ya riƙe hannunta a ƙarƙashin bishiyar makaranta, na haɗa shafi biyu na juya.

"Kin tsallake."

"Ban..."

"Na ga kaurin takardar. Koma."

Na koma. Da ya gama maganarsa mai daɗi sai ta yi tsaki ta ce, "Ashe ba mai kunya ba ne. Baki gare shi kamar dillali." Da Lantana ta bar gwabar ta ruɓe, ta ce, "Sakarya. Ba ta da bakin tambaya? Duk 'yan matan yanzu haka kuke, ku haɗiye magana har ta zama ciwo." Ban ɗaga kai ba. Can ta miƙo mini ruwa a moɗa ba tare da ta dube ni ba, domin muryata ta dushe.

Inuwa ta juya, ta bar mu a rana, muka ja tabarma. Da motar ta kife sai ta ajiye faifan. Da Lantana ta ruga ba takalmi, na ga tana murza gwiwarta a hankali. Na karanta fitowar likita, da cire tabarau, da tambayarsa. Na tsaya a nan.

"Juya mana."

"Babu, Mama. A nan ya ƙare. Na biyun bai fito ba, na je har kasuwa."

"Shi ke nan? Ya cire tabarau kawai?"

"Shi ke nan."

Ta karɓi littafin ta juya bayansa, ta girgiza shi kamar wani shafi zai faɗo. Ta ce, "Wannan marubuciya ba ta da tsoron Allah. A bar yarinya a bakin ƙofa haka?" Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Ni ko bakin ƙofar ban samu na zauna ba."

La'asar ta yi. Na ce, "Mama, in kwance zakaran in mayar wa mai shi?"

"Kada ki taɓa shi. Na riga na furta na Ubangiji ne, ba na lashe abin da na tofar. Zan kai shi. Abin da zan faɗa a kansa, tsakanina da Shi ne." Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango. "Tun da aka binne Japheth ban ƙara roƙon rai domin kowa ba. Ina jagorar addu'a da baki, amma wannan ƙofar na rufe ta. Kin sa na buɗe, a kan yaron takarda. Ban sani ba ko mari ya kamace ki ko wani abu dabam. Sai na yi tunani."

Na ce, "Duk abin da kika yi mini daidai ne."

"Ba ni kaɗai kika sa ta durƙusa ba. Matan nan sun zubar da hawayensu, sun goge zannuwansu. Ni ba zan faɗa musu ba, ba ni na jiƙa ba, ba ni zan sha ba. Sunanki kuma yana takardar Dattijo Shekari." Ta miƙo mini littafin, ta riƙe ƙyallen atamfar. "Wannan ki bar mini, zan riƙa sauke kasko da shi."

Na koma gida da littafin a hannu, tsirara, duk wanda ya wuce ina ganin kamar shi yake kallo. Ban iya gaya wa Anti ba. Na ga farar rigata a rataye, ta goge mini ita da kanta.

Washegari na riga kowa tashi. Na sa farar rigar, na ɗora tulun Anti a kai, na riƙe littafin a hannun dama. Anti ta dube shi ta buɗe baki, na ce, "Anti, ki yi haƙuri, za ki ji tare da kowa." Muka tafi.

Na fara tsayawa a ƙofar ofishin coci na roƙi Dattijo Shekari ya cire sunana daga masu shaida. Ya tambayi dalili, na ce ba ni da shaidar da zan bayar. Daga nan na zagaya bayan coci, ƙarƙashin mangwaro, inda matan ke taruwa su gyara ɗauri su gwada waƙa kafin a shiga. Duk sun iso, zane iri ɗaya, sai ƙamshin hoda. Mama Rhoda na zaune a kan benci da zakaranta a hammata, ba ta dubi inda nake ba.

Maman Othniel ta hango ni ta ce, "Ga amaryar Bako! Yau dai za mu ji muryarki, ko sai mun saya?"

Na sauke tulun a tsakiyarsu. Na ji kamar in juya. Na durƙusa a kan ƙasa, ba tabarma, na ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani.

Na ce, "Iyayena, kafin a fara waƙa, ina da magana."